Wa Ya Cire Tela Daga Jerin Saƙo?

Da safe aka shigo da Tela a kan gadon da ake tura majinyata, bakinsa a buɗe yana neman iska kamar kifin da aka jefo tudu. Ruwa ne ya hau masa ƙirji. Matarsa na biye, takalminta ɗaya a hannu, tana faɗa wa duk wanda ta haɗa ido da shi cewa su ba su sani ba, ba wanda ya gaya musu an canza lokaci.

An kuwa canza. Injin wankin ƙoda da ke bakin taga ya lalace, aka mayar da masu wankin yamma zuwa safiya don masu gyara su samu wuri, aka kuma aika saƙo ga kowa. Tela ya zo da yammarsa kamar kullum, ya tarar da ƙofa a kulle. Ya koma gida da ruwansa a jiki, ya yi ta haƙuri har ƙarshen mako ya wuce, daga nan haƙurin ya ƙare.

Wanda bai taɓa zama a ɗakin wankin ƙoda ba, ba zai gane nauyin wannan saƙo ba. Injina kaɗan ne a asibitin, masu bukata kuwa sun cika benci har sun zubo baranda. Shi ya sa majinyatan suka kafa ƙungiya suna raba lokaci a tsakaninsu, kowa da ranarsa da injinsa, abin da suke kira kujera. Da can, in kujera ta samu fili, da waya ake kiran mutane, sai aka yi ta rigima, wai an kira wane kafin wane. Aka daina kira, aka koma imel: saƙo ɗaya ya tafi wa kowa a lokaci ɗaya, wanda ya fara amsawa ya samu. Aka kuma kafa doka mai kaifi, cewa duk wanda ya yi wa layi ha'inci, ko ya tura saƙon ƙungiya ga wanda ba ya cikinta, kujerarsa ta tafi, ya koma ƙarshen layi yana jiran ta Allah.

Ana cikin jimamin Tela sai Malama, wadda ta yi koyarwa kafin ciwo ya zaunar da ita, ta ce ai ita ma ta kwana biyu ba ta ga saƙo ba, a kan matakala ta haɗu da Babbar Nas ta ji labarin canjin. Direba, abokin wankinsu, ya ce shi ma tun saƙon canjin bai sake ganin komai ba, shi dai ya ɗauka babu labari ne. Aka juyo ana kallon Sakatariya, yarinyar da ke aika saƙonnin, wadda ba ita ce majinyaciya ba, mahaifiyarta take kawowa, tsohuwar da kowa ke kira Inna. Ta buɗe kwamfuta. Sunayen Tela da Malama da Direba duk sun fita daga jerin masu samun saƙo, a gefen kowanne an rubuta wai shi ya cire kansa.

Malama ta rantse, Direba ya rantse. Matar Tela ba ta rantse ba, tambaya kawai ta yi, ta ce a 'yan makonnin nan da kujeru suka yi ta samun fili, wa ya fi kowa samu. Kowa ya san Inna ce.

Ciyaman ɗin ƙungiya ya gyara tabarau ya ce za a zauna ranar taro. In ya tabbata, doka za ta hau kan kujerar Inna. Ita Inna tana can gefe tana tsotsar ƙanƙara, ba ta san da ita ake ba.

* * *

Mai Sawu yana kan inji lokacin da Sakatariya ta zo ta durƙusa kusa da shi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya yi rayuwarsa yana bin sawun wasiƙu da ƙunshin kaya da suka ɓata a hanya, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Yanzu ga shi kwance, allurai biyu a hannu, jininsa na fita ta roba yana dawowa ta roba, ko juyi ba ya iyawa sai injin ya yi ƙara.

Ta ce masa ita wallahi ba ta taɓa sunan kowa ba. Ta ce Inna ta samu kujerun ne don ita ba ta ajiye waya, ko banɗaki da ita take shiga. Ta ce in aka mayar da Inna ƙarshen layi ba za ta ga wata mai zuwa ba, shi ma ya sani.

"Baba, kai kaɗai ne ba ka kalle ni irin kallon nan ba," in ji ta.

"Ni ai ba na iya juya wuya ne, 'yata," ya ce. Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, hawaye ya biyo baya.

Bai yi mata alkawarin komai ba. Ya dai tambaye ta wa ke da lambar sirrin jerin ban da ita, ta ce Ciyaman. Ya tambaye ta ko ukun nan rana ɗaya suka fita, ta ce a'a, ɗaya bayan ɗaya ne, kamar ana tsinke su. Ya rufe ido ya ce ta je ta ba Inna bargonta, sanyin ɗakin nan ba ya jin magana.

* * *

Ciyaman ne Mai Sawu ya fara nema, don a ɗakin jira ana raɗa cewa akwai wani surukinsa da ke ƙarshen layi yana neman kujera ido rufe. In aka zubar da mutum uku, aka kuma ɗora wa na huɗu laifi, ai fili ya samu.

Ya same shi a ɗan ofishin ƙungiya, wani lungu da asibiti ya ara musu tsakanin ɗakin ajiye tsintsiya da na iskar gas, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a buɗe durowa. Mai Sawu bai zarge shi da komai ba. Ya miƙa masa wayarsa ne kawai, ya ce ya taimaka ya karanta masa saƙon ƙarshe, wai ya manta tabarau a gida.

Ciyaman ya karɓa. Ya kai wayar kusa da hanci, ya mayar da ita nesa, ya karkata ta wajen fitila. Daga nan ya fara karantawa da ka, yana ƙara abin da babu. Mai Sawu ya bar shi har ya gaji ya ajiye.

Sai Ciyaman ya ce sukari ya gama da idonsa tun bara, inuwar mutum kawai yake gani, matarsa ke karanta masa komai a gida. Lambar sirrin kuwa tana cikin wata takarda da bai san inda ya sa ba. Ya roƙi kada a faɗa, don in aka ji za a ce makaho ba ya riƙe ƙungiya, shi kuwa ita ce kaɗai abin da ya rage masa da yake fita dominsa ba domin inji ba. Mai Sawu ya ce shi bai ga komai ba, idonsa shi ma ba wani ido ba ne.

Ya fito yana jin ya rufe ƙofa ɗaya, wadda ta rage kuwa a kan yarinyar take buɗe.

* * *

Mai Sawu ya samu Direba a cikin motarsa, a wurin ajiye motoci, ya kwantar da kujera yana jiran jiri ya sake shi. Mutum ne mai bayani a kan komai. Ya ce shi a ganinsa akwatin saƙon ne ya cika, ko kuma saƙon ya faɗa kwandon tarkace, abin da ke faruwa ke nan a duniya. Suka duba tare. Akwatin bai cika ba, kwandon tarkacen kuma babu komai sai tallan maganin sanƙo, Direba ya ce wannan ma cin fuska ne, wa ya gaya musu.

Mai Sawu ya miƙa hannu ya ce ya ba shi ya gani da kyau. Direba ya matso da wayar gaban fuskarsa, amma bai saki ba. Yatsansa ne ke jan shafin, shi ke tsayar da shi.

Malama ma haka. A benci ta nuna masa saƙon ƙarshe da ya shigo mata, ta yi masa bayani dalla-dalla kamar tana gaban allo, ta ce ita ta san rubutun nan ƙanana da ke ƙasan kowane saƙo, mai cewa a danna nan in ana son fita, kuma ko da wasa ba ta taɓa kai yatsa wurin ba. Ya yarda da ita. Amma da ya ce ta ba shi wayar, sai ta ce caji ya kusa ƙarewa, ta jefa ta jaka ta ja zif.

Matar Tela a bakin ɗakin da aka kwantar da mijinta ya same ta. Tela ya farfaɗo, an zare masa ruwa, yana barci da robar iska a hanci. Ita ke riƙe masa waya tun da hannunsa ya fara rawa. Ta yi magana mai zafi a kan Sakatariya, ta ce yarinya ce mai fuskar salihai, irinsu ne ake tsoro. Mai Sawu ya saurara har ta sauke. Sannan ya tambaye ta a hankali ko wani ya taɓa karɓar wayar. Ta ce babu. Ya ce ko zai iya dubawa. Ta kife wayar a cinya ta dafe da tafin hannu, ta ce sirrin miji ne.

Ya sauko matakala yana hutawa a kowane hawa. A gidan waya ya ga masu cigiya iri-iri. Wanda kayansa suka ɓata da gaske, komai yake zube maka a kan kanta, rasit da ambulan da labarin da ba ka tambaya ba. Waɗannan ukun kuwa an cuce su, bai yi shakka ba, amma kowannensu ya nuna masa abin da ya shigo, ya ɓoye abin da ya fita.

Ya tsaya ya dafa ƙarfen matakala yana tunanin me ya haɗa su. Ba unguwa ɗaya ba, ba sana'a ɗaya ba. Layin taga ne ya haɗa su, kujeru biyar na wankin yamma: Tela, Malama, Direba, shi kansa, da Kafinta. Shi yana samun saƙonsa lafiya. Kafinta kuwa ya bar ƙungiya.

* * *

Ba a maganar Kafinta a ɗakin jira. Wata rana ce aka zare masa allura, ya danne auduga, ya ce musu shi ya gaji, ya huta haka nan. Ya saki kujerarsa, ya fita daga jeri da hannunsa, bai sake dawowa ba. Irin wannan maganar ba mai son ta, don kowa ya taɓa faɗa wa kansa ita a kan inji. Sai aka yi kamar tafiya ya yi.

Mai Sawu ya tafi gidansa da hantsi, ranar da ba shi da wanki. 'Yar Kafinta ta buɗe masa, ta gaishe shi ba ta ɗago ba, ta nuna masa shagon da ke jikin gidan. Yana ciki zaune a kan wata kujera da bai gama ba, mai hannu ɗaya. Ƙurar katako ta kwanta a kan zarto. Ƙodarsa tana ɗan taɓa aiki har yanzu, shi ya sa ya kai haka, amma fuskar ta kumbura, ya yanke bayan takalmansa don ƙafa ta shiga.

"Ɗan aike," in ji Kafinta. "Wasiƙar mutuwa ka kawo min, ko ita ma kun ɓatar?"

"Da ni aka ba, da ka shekara ɗari," Mai Sawu ya ce, ya nemi wuri ya zauna a kan wani gungume.

Suka taɓa hira irin ta da. Kafinta ya ce abin da ya fi ji wa daɗi shi ne yanzu yana shan ruwa da kofi, kofi cikakke, yana jin sa yana sauka. Ya ce sararin sama ma ya fi faɗi in ba ta tagar nan kake kallonsa ba. Numfashinsa na yankewa a tsakiyar magana, yana jira ya dawo ya ci gaba. Can ya yi murmushi ya ce ya ji an mayar da su safiya, injin taga ya sake mutuwa, shi dama ya sha faɗa cewa injin nan ya fi su ciwo.

Mai Sawu ya ɗago ya dube shi. Sannan ya tambaye shi wa ya zo ya gaya masa. Kafinta ya ce ba wanda ya zo, kai ne na farko da ya tako. Mai Sawu ya ce to a ina ya ji.

Kafinta ya ja tsaki ya zaro waya daga aljihu. Ya ce ai abin da ke ci masa rai ke nan. Ya fita daga jeri, amma saƙon ya ƙi barinsa. Kujera ta samu, an canza lokaci, kaza da kaza. Duk wanda ya shigo sai ya ja har ƙasa ya danna wurin fita, ya samu kwana biyu shiru, sai kuma ya sake shigowa ta wata ƙofar.

"Na bar musu kujera, na bar musu layi, na ce su ƙyale ni," ya ce. "Mutum ko mutuwa ba zai yi cikin sirri ba?"

Shi bai riƙe wayar ba, ya jefa masa ita a cinya. Mai Sawu ya ja shafin a hankali. Ba daga ƙungiya saƙonnin suka zo ba, turo su aka yi. Na farko daga Malama, babu ko kalma a kai. Sai na Tela, har sau biyu a rana ɗaya. Na ƙarshe na Direba ne, mai labarin canjin lokaci, ya rubuta a sama wai ka zo ko don mu samu wanda za mu zaga. Ya tambayi Kafinta ko ya lura da masu turowa. Ya ce yana ganin sunayen, amma ya ɗauka su aka sa aikin aikawa, shi dai ƙasa yake zuwa kai tsaye.

Mai Sawu ya fito da tasa wayar. Bai taɓa tura saƙon ƙungiya ga kowa ba, sai da ya yi ta laluben wurin. Ya tura wa Kafinta na ƙarshe, ya ce ya yi yadda ya saba. Kafinta ya ja ƙasa da babban yatsa ya danna. Wani shafi ya buɗe da rubutu ƙanana, kafin ya rufe shi Mai Sawu ya riƙe masa hannu. Shafin ya ce an cire wannan adireshi daga jeri. Adireshin Mai Sawu ne.

Ya yi masa bayani da irin abin da ya sani. Ya ce kowane saƙo da sunan mai shi a jikinsa yake tafiya, kamar ambulan, ko an miƙa wa maƙwabci sunan bai canza ba. Wurin dannawar nan ba ya tambayar yatsan wa ne. Wanda ya turo, shi yake fita.

Kafinta ya daɗe yana kallon yatsansa. Sai ya tambaya, da muryar da ta sauka, ko akwai wanda ya rasa wanki. Mai Sawu ya so ya yi masa ƙarya, ya duba bai ga inda zai ajiye ta ba. Ya gaya masa labarin Tela, ya gaya masa na yarinyar da kujerar Inna. Ya kuma gaya masa abin da ya fi damunsa: in ya yi shiru Inna ta tafi, in ya yi magana doka ta hau kan mutum uku.

"Huɗu," in ji Kafinta. "Kai ma yanzu ka tura."

Mai Sawu ya ce haka ne. Bai ƙara da cewa shi kaɗai ne a layin taga da sai yau ya tura ba. Kafinta ma bai faɗa ba, ya dai kalle shi.

* * *

Ranar taro ɗakin jira ya cika, aka rufe ƙofa don hayaniyar baranda, zafi ya taru. An sauko da Tela a keken guragu. Sakatariya na tsaye jikin bango, kwamfuta a ƙirji. Inna na gefenta tana gyangyaɗi, don bayan taro lokacin wankinta ne, in har kujerar tana nan.

Mai Sawu bai iya tsayuwa mai tsawo ba, a zaune ya yi magana. Ya ce ya duba akwati, ya duba kwandon tarkace, ya duba masu lambar sirri, duk babu komai. Ya ce yarinyar nan ba ta taɓa sunan kowa ba, kwamfuta ma ba ta yi ƙarya ba. Ya roƙi Sakatariya ta duba jerin yanzu ta faɗa wa mutane wa ya ƙara fita. Ta duba, ta ɗago a razane ta ce shi ne. Ya ce to ba ita ta cire shi ba, a gabansa aka yi, ya faɗi yadda abin yake aiki. Sunan inda saƙonnin suka je ne kawai bai faɗa ba, ya ce masu shi suna nan, bakinsu ya fi nasa kusa.

Direba ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Malama ta buɗe jaka ta rufe. Tela ne ya ɗaga hannu daga kan keke, ya ce shi ya sa matarsa ta tura wa Kafinta, ya hana ta faɗa. Matar ta rufe fuska da mayafi. Malama ta ce ita ma, ta ɗauka ita kaɗai ce. Direba ya ce shi wallahi har addu'a ya yi kada wani ya sani.

Wani daga bayan ɗaki, cikin waɗanda ke ƙarshen layi, ya ce to madalla, Inna ta kuɓuta, amma doka ba ta mutu ba, saƙo ya fita waje, kujeru huɗu ke nan. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ƙafafunsa shi ma a kumbure suke, kowa na gani. Ciyaman ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce shi ba zai iya yi wa yarinya doka jiya ya kasa yi wa manya yau ba.

A nan ne aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafinta ne, ya rataya a kafaɗar 'yarsa, hawa matakala ya kusa gamawa da shi. Aka ba shi wuri. Da numfashinsa ya dawo ya ɗaga babban yatsa ya ce ga ɓarawon nan ya kawo kansa, a yanke in ana so. Ya kalli Tela, zai fara ba shi haƙuri. Tela ya ce ya bari, dama tun da can ba ya iya auna komai daidai, teburin ɗinkin da ya yi masa har yau rawa yake.

Kafinta ya juya wajen Ciyaman ya tambaye shi abin da dokar ta ce. Ciyaman ya ce ba a tura wa wanda ba ɗan ƙungiya ba. Kafinta ya ce to in shi ɗan ƙungiya ne fa. Ciyaman ya ce ɗan ƙungiya shi ne wanda ke wanki. In ya dawo da gaske, ya kwanta aka sa masa allura, to za a ɗauka hutu ya yi, saƙo bai fita waje ba. In kuwa da baki ne, doka tana nan. Ya tambayi ɗakin ko akwai mai ja. Na bayan ɗakin ya ce shi ba ya ja, da sharaɗin Kafinta a bayansa zai tsaya, don kujerarsa ya sake ta da hannunsa. Aka ce haka ne.

Mai Sawu yana kallon abokinsa. Ya ga ya kalli ƙofar da ya shigo, ya kalli ɗaya ƙofar, mai gilashi, inda injina ke ƙyafta fitila. Ya ga 'yarsa ta ƙara riƙe masa hannu.

"Sa ni, 'yata," Kafinta ya ce wa Sakatariya. "A can ƙasa."

Ta sa shi, ta mayar da sauran huɗun. Matar Tela ta matso ta kama mata hannu tana neman gafara. Yarinyar ta ce ba komai, Anti, amma ta zare hannun ta ɗauki bargon Inna.

Babbar Nas ta leƙo ta kira Inna. Sannan idonta ya sauka a kan ƙafafun Kafinta, ta ce wannan ba maganar layi ba ce, a wuce da shi gadon gaggawa yanzu. Aka kawo keke. Da za a tura shi ya wuce ta gaban Mai Sawu, ya kama masa riga.

"Saura kaɗan in tsere," ya ce. "Kai ka biyo ni."

Mai Sawu ya ce ya sani.

Ta gilashin yana hango Inna ta hau kujerarta tana mita wai an ɓata mata lokaci da surutu, ta miƙa hannu tun kafin a tambaye ta. A gado na gaba ana naɗe wa Kafinta hannun riga, shi kuwa ya juya fuska wajen bango, yana roƙon 'yarsa ta ba shi ruwa ko rabin kofi ne kafin a fara.